Kwanukan Juma'a, Yunwar Talata

Ni ban wuce aji shida ba, amma na san abin da ake fara yi da abin da ke biye masa. Haka nake tuyar wainar da nake aikawa kasuwar Bab Makka: a jiƙa shinkafa, a niƙa, a bar ƙullu ya tashi, sannan a ɗora tanda. Haka kuma na rene 'ya'yana a unguwar Waziriyya, nan Jidda.

Babbar 'yata tana karatun jami'a ta intanet, fannin lissafin kuɗi. Da ta shiga shekara ta biyu sai ta ce ta ƙara wani ƙaramin fanni a gefe, wai gudanar da ayyukan taimakon jama'a. Na ce mata, yanzu taimako ma sai an je jami'a? Ta ce, "Ummi, tsara shi ake koya mana. Wa zai yi, yaushe zai yi, kuma wa zai lura in ba a yi ba." Wannan na ƙarshen ya shige ni, na ƙyale ta.

Malaminsu ya ba su aiki, kowa ya nemi wani taimako da ake yi a unguwarsu ya duba yadda yake tafiya. Ita ta zaɓi tsohon da ke ɗakin ƙasa a gininmu, wanda duk muke kira Baba. Mutumin Chadi ne, dako ya yi a kasuwa har gwiwoyinsa suka ƙi, idanu suka dushe, ga ciwon sukari. Ba mata, ba ɗa. Kafilinsa, wanda ya tsaya masa a wajen hukuma, yana sabunta masa iƙama, takardar zama a ƙasar, iyakarsa ke nan. Abinci mu matan gini ke aika masa, kuma ko'ina muka zauna sai mun faɗa cewa Baba ba ya kwana da yunwa.

Ashe ƙarya muke yi. Yarinyar ta riƙa sauka wurinsa kullum bayan la'asar, ta ga abin da ba mu gani ba. Ranar Juma'a ɗakin ba wurin ajiye ƙafa saboda kwanuka: shinkafar kabsa, dabino, kunafa da sauran kayan zaƙi, shayi mai sukari kamar zuma. Firjinsa ya daɗe da mutuwa, zafin Jidda kuwa ba ya jira, kafin Lahadi komai ya yi tsami. Talata da Laraba busasshen burodi yake jiƙawa a ruwa, ya haɗiyi maganinsa a kai, jikinsa ya yi ta rawa. Kowace mace tana zaton wata ta aika. Dukanmu haka muka taso muka ji, ladan sadakar Juma'a ya fi na sauran ranaku.

Na bi abin daki-daki. Da farko na sa aka gyara firjin. Sannan na kira matan gini falona, na dafa shayi, na ce yarinyar ta yi bayani. Ta yi shi cikin ladabi, ta ce kowa ta ɗauki rana guda, a kuma rage zaƙi.

Hajiya mai turare, wadda ta girme mu duka kuma a nan aka haife ta, ta ajiye kofinta. "Ya binti, sadaka ce ko aikin hukumar baladiyya? Tun ba a haifi uwarki ba nake sadakar Juma'a."

Matar direban da ke saman bene ta karɓa: "Hannun hagu ma ba ya sanin abin da na dama ya bayar, ke kina so ki manna mu a bango?"

"Khala, ba za a rubuta sunan kowa ba," in ji yarinyar. "Rana kawai za ki zaɓa."

"To na zaɓi Juma'a. Halas, magana ta ƙare," in ji Hajiya.

Sauran suka ce su ma Juma'a, suka fashe da dariya har da tafa hannu. Wata ta ce ta koma kan ƙidayar kuɗin mutane, shi ya fi dacewa da ita. Suka shanye shayina suka tafi. Yarinyar ta shiga ɗaki tana kuka, tana cewa za ta ajiye fannin.

Har yau in na tuna dariyar nan raina yana ɓaci. An gaya musu mutum yana jiƙa burodi a ruwa a ƙarƙashin ƙafafunsu, abin da ya dame su shi ne kada ladansu ya ragu. Sun mai da tsoho kamar akwatin masallaci, a jefa a wuce. Na ce wa yarinyar ba ta ajiye komai, abin da aka fara sai an gama.

Juma'ar da ta biyo, ana saukowa daga masallaci na ɗauki kujerata na zauna a ƙofar Baba. Kwanon farko na buɗe, shinkafa da kifi, na bar shi ya shiga. Na biyu na matar direba ne. Na ce mata Baba ya samu na yau, ta kawo ranar Talata.

"Yaya, ƙofar gidanki ce?"

"Ta zama tawa yau. Koma da shi."

Haka na mai da su ɗaya bayan ɗaya. Hajiya ce ta zo ƙarshe da faranti a rufe, ƙamshin kunafa yana gabanta. Ta ce in ji tsoron Allah, ina tare wa mutane hanyar lada. Na ce shi nake tsoro shi ya sa na zauna, kuma Allah na nan ranar Laraba.

Sai muryar Baba daga ciki: "Wace ce ke hana ni kunafata?"

"Ni ce, Baba. Likita ya hana."

"Likitan shi ke ciyar da ni? Yalla, Hajiya, miƙo ta taga!"

Na tashi na tsaya a tagar. Hajiya ta juya da farantinta tana faɗa da Larabci har ta hau bene.

Ranar Talata kwano biyu suka sauko, ɗaya na matar direba, ko kallona ba ta yi ba. Na ce wa mai ɗayan kwanon ta riƙe Laraba, ta yarda. Sauran ranakun suka samu masu su a hankali, ban da Asabar da kowa ya ƙi, sai muka ɗauke ta ni da yarinyar.

Ta rubuta aikinta ta tura. Malamin ya ba ta maki matsakaici, wai tsarin bai samu yardar jama'a ba, tilasta shi aka yi. Yana can inda yake, bai ga yadda na nemi yardar da shayi ba. Hajiya kuwa ta daina gaishe ni, ta ma hana a sayi wainata a gidanta. Baba har yanzu yana cewa ni muguwa ce, amma kullum da abinci a cikinsa yake shan maganinsa, kuma jikinsa ya bar rawa.