Godiyar da Kakata Ba Ta Yi Ba

Ko da zan manta sunana, ba zan manta ranar da 'yan fim suka zo 'yanta bayi a ƙauyenmu ba. Ina aji biyu na sakandare lokacin, yarinya mai kunya wadda ba ta iya haɗa ido da kowa, sai dai ba abin da ke wuce idona.

Daga Gusau suka taso da mota biyu, suka sauka garinmu can bayan Bunguɗu. Wani Alhaji ne ya ɗauki nauyin fim ɗin, don a nuna yadda kakansa, wani basarake na farkon zuwan Turawa, ya tashi da safe tausayi ya kama shi, ya saki bayinsa kaf kafin azahar. Allah sarki, mutumin kirki!

Na laɓe bayan rumbu ina kallo. Wanda ya fito a basaraken yana sanye da agogon hannu, ga butar roba kusa da ƙafarsa. Bayin kuwa kowa ya sha mai, an ɗaure su da sarƙar babur, kwaɗon ma ba a ɓare takardarsa ba.

Sai darakta ya ce yana neman tsohuwa guda da za ta durƙusa ta yi godiya. Kawuna ya nuna kakata, don duk garin an san uwarta baiwa ce a gandun wannan basaraken, ko da yake ba a faɗa sai da raɗa.

Da aka zo da ita, ta dubi sarƙar ta taɓe baki.

"Wanga mi ne ne?"

"Sarƙar bayi ce, Inna," in ji darakta.

"Wa ka ɗaure mai yi mishi noma, ɗan nan? Da mi za ta riƙe hauya?"

"Inna, ai mun yi bincike."

"To, sannunku da bincike."

Ni na san abin da bai bincika ba, don nakan ji shi in ina yi wa Kaka tsifa. Ba wanda ya saki uwarta. Da labari ya bazu cewa bawa na iya tafiya, sai aka ɗauke ɗanta namiji aka kai cikin gida, don kada ta motsa. Shekara uku tana noma saboda yaron. Da ta samu cikin Kaka, ta ga za a haifi wata baiwar, sai ta bi daji a ƙafa har Tsafe. Yaron kuwa ba ta sake ganinsa ba har ta koma ga Allah.

Aka koya wa Kaka abin da za ta ce: "Mun gode, uban marayu." Na san in ta furta, an binne uwarta karo na biyu.

Aka kunna kyamara. Kaka ta durƙusa a hankali, ta ɗaga kai ta dubi mai agogo.

"Ranka shi daɗe, tun da yau kana rabon 'yanci, ina yayana da kuka riƙe?"

Basarake ya waiga wajen darakta yana neman amsa, ba ta cikin takarda. Alhaji ya shiga gyaran hula.

Bayan wata shida fim ya fito, muka taru muka kalla a gidan kawu. Ga Kaka a durƙushe, an ɗauko ta ta baya, wata murya siririya tana cewa, "Mun gode, uban marayu." Har malamin tarihinmu ya ce mu kalla mu ƙaru.

Kaka ta yi dariya ta ce, "Oho, ashe har baki sun ara mini."

Tun ranar na koyi abu guda: duk inda na ga talaka na godiya a fim ɗin manya, sai na duba ko an nuna bakinsa.