Uban da Na Yi wa Ɗan Leƙen Asiri

Ƙaryar da ta fi daɗewa a bakina ba ta kashe kowa ba, amma ta hana ni cin abinci kwana huɗu.

A fadarmu da ke bayan tashar Dakoro, rumfar kara mai benci uku da kaskon shayi, ni ne mai fassarar fim. Aikin ya faɗo kaina ne don na yi kwalej shekara biyu kafin a kore ni, sauran kuwa wasunsu ko ƙofar lakwal, wato makarantar boko, ba su taɓa leƙawa ba. Suka laƙaba mini Mushe, kamar wani malamin gaske. In an yi la'asar a kunna tele, in zauna a gefenta, Bature ya faɗa da Faransanci, ni in juya da Hausa. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, a cikin kalma goma in na kama uku na yi sa'a. Turawan fim suna magana kamar an biyo su, ga injin wuta yana ruri a bayan rumfa. Sauran bakwai ɗin daga fuskokinsu nake karantowa, wani lokaci kuma daga cikina.

Akwai fim ɗin wani ɗan leƙen asiri da ake fitarwa kashi-kashi tun muna samari. A kowane kashi, kafin ya tafi aiki, yakan je bakin wani kogi ya tarar da wani dattijo mai sanda zaune a kan benci. Su yi magana ƙasa-ƙasa, dattijon ya miƙa masa takarda. Ranar da muka fara ganin wurin ban ji ko kalma ɗaya ba, ga idon kowa a kaina. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Ubanshi ne. Sallama ya zo. Ya ce, Baba, za ni tahiya, ka yahe mini, ka sa mini albarka." Da dattijon ya motsa baki na ce, "Tahi, Allah shi tsare, kada ka ci amanar kowa." Can mai facin taya ya girgiza kai ya ce ashe su ma sun san darajar iyaye.

Daga ranar ɗan leƙen asiri ya sami uba, kuma ni ke ciyar da shi. Kashi takwas ina sa masa magana a baki.

Wanda ya fi kowa son wurin bencin nan shi ne kawuna, yayan mahaifiyata, dillalin shanu. Shi ya ɗauke ni ina shekara shida da mahaifina ya rasu, shi ya kai ni lakwal. Yanzu yana zaune wajen Tagriss da dabbobinsa, sai ranar kasuwa yake shigowa gari. Harbe-harbe da tseren mota ba su dame shi ba, barci ma yake yi. Amma da an zo benci sai ya gyara zama, in an wuce ya ce a maido baya. A kasuwar shanu kuwa babu wanda bai gaya wa ba cewa ɗan ƙanwarsa ya fi Anasara jin yaren Anasara.

Kashi na tara ya iso ranar Litinin, a wayar telan fadarmu da ya dawo daga Maradi. Da ya kunna sai na ji an riga an ɗora masa muryar Hausa tun daga ƙetaren iyaka. Babu mai bukatata. Na zauna a gefen tele don sabo.

Aka zo benci. Muryar ta ce, "Shugaba, ga ni." Babu baba, babu albarka, sai sunayen garuruwa da ranar tashi. Abin bai tsaya nan ba. A ƙarshen fim ɗan leƙen asirin ya gano dattijon ne ke sayar da shi ga maƙiya, ya cakumi kwalarsa a bakin kogin nan, ya miƙa shi ga jandarma.

Ban taɓa ganin shayi ya ƙone a fadarmu ba sai ran nan.

Mai faci ya miƙe tsaye. "Wanga hilim ya lalace! Ɗa shi kama kwalar ubanshi? Ko mi uban ya yi, ai an rufa mishi asiri. Ni na bar kallonshi, yaron ga ya ɗebo tsinuwa."

Tela ya ce, "Wane uba? Ba ka ji abin da anka ce ba? Shef ɗinshi ne na wurin aiki."

"Shekara nawa muna ganin ubanshi ne!"

Mai dafa mana shayi ya ce masu ɗora murya ne maƙaryata, ina suka san Faransanci a can, abin da ya zo musu baki suke faɗa. Na sunkuyar da kai. Wani ya ce ai jarumin ma an canja shi, wannan ya fi yarinta, wataƙila ƙanensa ne da ba uba ɗaya ba. Aka rabu gida biyu, masu uba da masu shef, har mutanen tasha suna leƙowa. Sai duk suka juyo.

"Mushe, kai ka sani. Raba mu."

Da ina da hankali da na faɗi gaskiya a nan, ba Kawu a wurin. Sai na gyara murya na ce ba zan yanke hukunci a kan muryar aro ba, sai na ji na Faransancin da kunnena. Na ɗauka na tsira. Tela ya tafa hannu ya ce ya yi daidai, zai sa a turo na Faransancin kafin ranar kasuwa, kuma ƙanin matarsa, mushen gaske da ke koyarwa a Kornaka, zai shigo gari ranar. A zauna gaban Kawu a ji wanda ya fi kunne.

Ni da bakina na haƙa wa kaina ramin.

Kwana huɗun nan ban san ɗanɗanon tuwo ba. Matata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce mata zafi ne. Na nemo tsofaffin kashin, na sa abin ji a kunne ina maimaita wurin bencin, ko Allah zai sa in tsinci kalma ɗaya mai kama da uba. Babu. Na yi tunanin tafiya Ɗan Gulbi gaisuwar mutuwa, na duba duk dangina na can, kowa lafiyarsa lau. Na roƙi Allah telen ta ƙone, na dawo na yi istigfari, don kuɗin mutane ne. Dariyar 'yan fada ba ita ke ci na ba, sun saba yi mini, na saba ramawa. Fuskar Kawu nake gani. Mutumin da ya sayar da bijimi ya saya mini littattafai, zai ji a gaban jama'a cewa shekara da shekaru tatsuniya nake masa.

Ranar kasuwa bayan la'asar ya iso, rawaninsa yana warin garke. Ko zama bai yi ba mai faci ya zazzage masa labari. Mushen Kornaka yana gefe da tabarau, mutum mai kunya, bai san an gayyato shi yanka ba ne. Rumfa ta cika har waje.

Aka kunna. Kogi, benci, dattijo da sandarsa.

Kawu ya ce, "Mushe, hwaɗi muna."

Baƙon ya buɗe baki. Kawu ya ɗaga masa hannu. "Nawa nike nuhi."

Maganar tana nan a kan harshena, na faɗe ta sau takwas, ko a barci zan iya. Na dubi mushen gaske, ya kawar da kai. Na tabbata da na faɗa ba zai ƙaryata ni ba, kunya ba za ta bar shi ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Na ce, "Kawu, ba ubanshi ba ne. Bai taɓa zama ubanshi ba. Ban jin abin da suke cewa, tun na hwarko ni ke ƙirƙirawa."

Tela ya yi ihu ya buga cinya. Mai faci ya kalle ni kamar na ci masa amana, ya ce shi fa har wa'azi ya yi wa 'ya'yansa da wurin nan. Dariya ta ɓarke daga waje. Kawu bai yi dariya ba. Ya shanye shayinsa, ya ajiye kofin, ya miƙe ya fita.

Na bi shi, na ɗauki buhun gishirin dabbobinsa a ka. Muka isa motar Tagriss. Da yaran mota suka karɓi buhun ya juyo.

"Wanga dattijo, ko ubanshi ne ko maƙwabcinshi, ina ruwana? Ni ban san shi ba."

Ya gyara rawaninsa ya ci gaba.

"Tun kana shekara shida kake hannuna. Ka tahi kwalej, ka tahi neman kuɗi, ka yi aure, kullum sai dai ka ce, Kawu, na tahi. A rumhwar can kaɗai nike jin bakinka ya ce, Baba, ka sa mini albarka. Ka ɗauka don mi nike cewa a maido baya?"

Direba yana ta danna oda. Ga mutane, ga masu talla, ga tela ma ya biyo mu yana leƙe. Na durƙusa a nan cikin yashin tasha. Maganar da ke zubo mini kamar ruwa in na ara wa Bature, da ƙyar ta fito da ta zama tawa.

"Baba, ka yahe mini. Ka sa mini albarka."

Ya ɗora hannu a kaina, ya daɗe bai ɗauke ba.

"Allah shi yi maka albarka," in ji shi. "Ka kuma bar ƙarya."

Ya hau mota. Ina durƙushe har ta fita daga tasha.