Hannun Bakaniken Babur

Shekara talatin tsohon bakaniken nan bai taɓa kwance inji don neman ciwo ba. Tafin hannu yake ɗorawa kan tanki, ya lumshe ido kamar mai ɗanɗana miya, ya faɗi dalilin jijjigar, ko noti ne ya saki, ko boris ya cinye.

Ran nan mijin 'yarsa ya turo babur ƙofar shago. Tsohon ya dafa tanki.

"Kai! Wannan rawa sai gidan biki. Notin inji ne."

Surukin ya sunkuyar da kai. "Baba, ai ban tayar da shi ba tukuna."

Tsohon ya dubi hannunsa yana ta karkarwa shi kaɗai. Ya cusa shi cikin aljihu.

"Tura shi shagon gaba," ya ce. "Kuma kada 'yata ta ji."