Farin dutsen da ya bari a jaka

Ranar da aka haska dutsen mijina a Yamai ba za ta fita daga raina ba.

Shekaru ya yi yana barin Filinge bayan girbi, ya tafi wajen haƙar zinariya, inda suke daka farin dutse a turmin ƙarfe har ya zama gari. Zuwansa na ƙarshe ya dawo da tari, numfashi na yi masa wuya. Da ya rasu, na sami guntun dutsen a jakarsa. Likita ya ce ƙura ce ta kashe shi. Ban yarda ba. Mu da aka haifa cikin rairayi, yaranmu har cinsa suke yi, wace ƙura ce ba mu shaƙa ba?

Ga kuma babban ɗana ya fara neman kuɗin mota zai bi sawun ubansa.

Ƙanwar mijina tana karatu a iniversite, jami'ar Yamai. Ta ce, "Yaya, ki zo da dutsen, ki ɗebo rairayin tsakar gidanki."

Da na je, a wani ɗaki mai sanyi ta niƙa ɗan dutsen a rufe, ta sa shi cikin na'ura, ta sa rairayin daban. Ta ce wani haske ne zai bi ta kansu. Na zura ido, ban ga haske ba. Layi biyu kawai suka fito a allo, masu tudu da kwari.

Na ce, "Mi kika gani?"

"Cikinsu abu guda ne, Yaya."

"To, rairayin gidana ya kashe shi ke nan?"

Ta ce a'a. Ta nuna mini wani ɗan tudu da ya bambanta. Wai rairayi ya tsufa, ruwa da laka sun rufe fuskarsa. Dutsen da aka fasa yanzu kuwa fuskarsa sabuwa ce, tana kama duk abin da ta taɓa, har naman huhu. In an jiƙa shi kafin daka, ƙurar ba ta tashi sosai.

Har yau ban san yadda haske yake ganin fuskar gari ba. Kalmar ruwa kaɗai na riƙe.

Ɗana ya tambaye ni, "Inna, mi na'urar ta ce?" Na kasa maimaitawa. Na ɗauko sauran dutsen, na zuba masa ruwan buta a gabansa, na ce ya yi mini alkawari ba zai daka dutse a bushe ba. Ya yi. Ban iya hana shi tafiya ba.

Abin da na koya shi ne, ba sai na gane komai ba kafin in yi aiki da ɗan abin da na gane. Duk lokacin da ya kira, kafin in amsa gaisuwa, numfashinsa nake saurare.