Karas Ɗin Mai Ɗakina

Ni ne wawan wannan labari, kuma ba ƙaramin wawa ba, wawa mai aji huɗu na firamare. A fadamarmu ta Gummi ni kaɗai ke iya karanta bayan gwangwanin iri, saboda haka nake tafiya kamar alƙali.

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, tana da ƙullin irin karas da ta zo da shi daga gidansu a Gwashi. Duk rani sai in ba ta kuyya biyu a gefen albasata ta shuka shi. Abin da ke fitowa kuwa taron kasuwa ne: wani ja, wani rawaya, wani fari kamar rogo, wani gajere, wani mai ƙafa biyu. Takan bar kowane kala ya yi fure, ta karkaɗe irin wuri guda. Ni kuma in tsaya a kanta ina dariya.

Ta rasu da damina, wajen shekara ta dubu biyu. Yara sun watse, gida ya rage daga ni sai jaki. Da rani ya zo na shuka ƙullin nata duka, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. A gefe kuma na shuka irin gwangwani mai hoto. Nawa ya fito sak kamar sojoji, tsawo ɗaya, launi ɗaya. Ilimi ya motsa. Na tuge nata kaf tun kafin ya yi fure, na zuba wa jaki.

Shekarar da ta biyo zafi ya sauko da wuri. Sojojina suka mutu rana ɗaya, tunda dai halinsu ɗaya. Sai a lokacin na tuna nata bai taɓa ƙarewa duka ba. In wannan ya faɗi, wancan na tsaye. Na zazzage tsumman ƙullin, ko ƙwaya babu. Na daɗe zaune a bakin kuyyar, ba wanda zan yi wa dariya, ba mai yi mini.

Na hau ɗan kabu-kabu har Gwashi, wurin yayarta, tsohuwa mai baki kamar aska.

"Mi yak kawo ka, malamin gwangwani?"

"Yaya, iri nika so. Irin nata."

Ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ɗan ƙulli bai kai kan yatsa ba, ta sa mini a hannu. Maimakon in yi godiya in tashi, sai na gyara murya.

"Bana zan tace shi. Masu kyan kawai zan bari, munanan in fidda."

Ta miƙo hannu ta ƙwace abinta.

"Da masu kyau kaɗai ƙanwata ka ajewa, da kai ma tuni jaki ya cinye ka."