Firoza da Ƙwayoyin Ludonta

Da hantsi, kafin jiragen kamun kifi su bar gaɓar Patargata, za ka tarar da Firoza Katun a ɗakin oba-oba na ƙungiyar masunta, tana kaɗa ƙwayoyin ludo a cikin kofin shayi. Masu jirage na tsaye a kanta. Abin da ƙwayoyin suka nuna, shi ne lambar tashar oba-oba da kowa zai koma ranar idan an toshe ta kullum. A wannan watan take ajiye aiki, ni kuwa bakina ba zai yi shiru ba.

Shekarun baya 'yan fashin teku suka samo na'urar da ke cika tasha da shuuu, tasha ɗaya a lokaci guda. Su toshe, su kama jirgi, ba mai jin kukansa. Mutanenmu kuwa, Allah ya shirye mu, da an toshe sai kowa ya ruga tasha ta 78 ko ta 86, wai daga 786 suke, lambar da ake rubutawa a madadin Bisimilla, akwai albarka. Su ma ɓarayin da Bisimilla aka yi musu suna, can suke zuwa su jira.

Firoza ta koyi lissafin dabarun abokan hamayya a birnin Kulna, ta dawo da kofinta. Tsoho Sobhan, babban mai jirgi, ya dube ta ya ce, "Ke 'yar nan, caca za ki yi da rayukanmu?"

Ta ce, "Baba, in ni kaina ban san inda zan koma gobe ba, ɓarawo a gidan wa zai ji?"

"To ki cire 78 ɗin mana, tunda sun gane ta."

"In na cire ta, na rage musu aiki ke nan. A bar ta a ciki."

Aka yi ta mita, ana bi don ba yadda za a yi. Sai lokacin kifin ilish, da rana tsaka, 'yan fashi suka biyo jirgin ƙanena Mokbul. Suka toshe tashar kullum, suka koma 78 suna jira. Mokbul ya murɗa zuwa tashar da ludo ya faɗa da safe, ya kira ta. "Yaya Firoza, suna bayana, kina ji na?"

"Ina jin ka, Mokbul. Daina ihu, faɗa min inda kake."

Jiragen da ke kusa suka yo kansa gaba ɗaya, na Sobhan a gaba, ɓarayin suka juya. Da tsohon ya sauko gaɓa sai ya wuce ɗakinta, ya sunkuya ya daɗe yana leƙen cikin kofin nan, sannan ya fita.

Firoza, ke ce kika zauna a ɗaki mai zafi kina sauraron shuuu har kunnenki ɗaya ya yi nauyi. Ke ce kika sha gori ba ki fasa ba. Uwar masunta, ina alfahari da ke, kuma ba na jin nauyin faɗa.

Masu tasowa, ku koyi tunani irin nata: kafin ka motsa, tambayi kanka me abokin gaba yake zaton za ka yi. Mun gode, Firoza, Allah ya saka da alheri. Yanzu haka Mokbul na tsakar gidana, yana cin shinkafa da kifi yana ƙorafin gishiri ya yi yawa.