Ranar da na yanka wa kaina albashi

Shekarar da aka rage kujerun alhazai saboda aikin faɗaɗa Harami, ni ne mudir, wato manaja, na wani ɗakin girki a unguwar Kudai, muna dafa wa alhazan Najeriya tuwo da shinkafa. Karatu ya kawo ni Makka daga Kano, aure ya zaunar da ni, girki kuma ya ba ni ofis mai sanyi da kujera mai juyawa. Ban taɓa riƙe muciya ba, amma albashina ya fi na masu tuƙa tuwon gaba ɗaya, kuma a lokacin ban ga laifin hakan ba.

Da yamma nakan zauna a majalisarmu ta unguwar Tandabawi ana shan shayi, talabijin na ta kawo labarin bankunan Turai da gwamnati ta ceto da kuɗin talakawa. Nan fa bakina ya fi na kowa kaifi. Na sha cewa shugaban bankin da ya kai ga roƙo ba rage masa albashi kawai ya kamata a yi ba, a ƙwace motar ma ya hau bas. Ƙanin matata yana cikin masu gyaɗa kai, ashe yana kwashewa yana kai wa uwarsa.

To, alhazai suka zo tsiraru. Shinkafar da na jibge ta zauna tana kallona, mai hayar gini ya fara gaishe ni da wata irin murya, masu girki suka soma neman wani wuri. Ya tabbata in ba a samu mai ɗaga mu ba, kafin Arfa an rufe ƙofa. Wadda za ta iya kuwa mutum ɗaya ce, surukata, uwar adashen matan unguwa.

Hajiya haifaffiyar Makka ce, kakanta ne ya zo a ƙasa daga Sakkwato. Hausarta rabi Larabci ce, kuma ba ta san kewaye-kewaye ba. Na je na tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, na durƙusa a bakin ƙofa, kaina a ƙasa, ga mata 'yan adashe sun cika falo. Ta ce sun yarda za su tallafa, amma ta ji an ce ni da kaina na yi fatawa a majalisa cewa wanda aka ceto ba ya yanka wa kansa albashi yadda yake so. Na amsa da cewa haka ne.

"Tayyib, ya waladi," in ji ta. "Kai ka faɗa da bakinka. Nawa za a riƙa ba ka?"

A Kano an san yadda ake wannan. Suruki ba ya ciniki da surukarsa. Sai ya ce a bar shi, ita kuma ta ce haba, ya sake ƙi, ta rantse, a ƙarshe ta yanka masa abin da ya fi wanda zai roƙa. Na ga an yi haka tun ina yaro, don haka na ƙara sunkuyar da kai na saki murya mai laushi.

"Hajiya, ai ko ba a ba ni komai ba, wallahi ba komai."

Na tsaya ina jiran haba. Sai na ji ta ce khalas, wato shi ke nan, ta juya ta ce wa matan su shaida, Allah ya yi wa yaron nan albarka. Suka amsa da amin har da masu share hawaye. Wata tsohuwa ma ta ce a zamanin nan ba a samun suruki irina. Ni kuwa na fita na sa takalmi a juye.

Na tura matata ta je ta bayyana wa uwarta cewa kara ce na yi, ba magana ba ce. Ta dawo tana danne dariya, ta ce Hajiya ta ce a gaban shaidu na rantse, ba za ta mayar da surukinta maƙaryaci ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, har na yi kwanaki ina gaisuwa a taƙaice.

Ba a rufe ɗakin girki ba, mun kai abinci Arfa, ma'aikata sun samu haƙƙinsu, mudir kuma yana cin tuwo kyauta a tsaye. Duk wannan na jure. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne Juma'ar farko, da na ga kaina ya yi buzu-buzu kuma babu ko na aski a jikina. Na daɗe a ƙofar kicin ina shirya yadda zan tambayi matata, a ƙarshe na haƙura na ɗauki jallabiyata. Da na zura hannu a aljihu sai na ji takardar kuɗi a naɗe. Haka matata ta riƙa yi duk Juma'a har shekara ta zagayo, ba ta taɓa kallona ba in ina sa rigar, kuma ko a faɗa ba ta taɓa ambatarsa ba. Kunya irin wannan ban taɓa ji ba, kuma ban taɓa son ta kamar a shekarar ba.